Tsadar magani: A rage kuɗi, kada a rage magani

 A wannan mako za mu tattauna ne a kan abin da ya addabi kusan kowane gida, wato tsadar magungunan da likita yake rubutawa, da hanyoyin da magidanci zai bi ya samu sauƙi ba tare da ya jefa majinyacinsa cikin haɗari ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, kwanakin baya na shiga wani kantin magani a Agege da yamma, sai na tarar da wani dattijo ya miƙa takardar asibiti mai ɗauke da magunguna biyar na maiɗakinsa. Da yaron kantin ya gama lissafi ya faɗa masa kuɗin, sai dattijon ya yi shiru, ya laluba aljihu, sannan ya ce, "Yaro, cire mini biyun ƙarshen nan, ka ba ni ukun farko, in na samu kuɗi na dawo." Allah Ya taimaka mai harhaɗa magungunan da ke kula da kantin yana kusa, ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Baba, ai biyun da ka ce a cire su ne na hawan jini, su ne ba a wasa da su. A cikin ukun da ka zaɓa ɗaya bitamin ne, ɗaya kuma maganin ƙarin jini na kwalba." Ya ɗauko masa na hawan jinin na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, ya musanya na kwalbar da ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce bitamin ɗin zai iya jira har a koma wajen likita. Kuɗin da ke aljihun dattijon ya isa, har ya samu na mota.

Da ba a yi wannan 'yar magana ta minti biyar ba, da baiwar Allah nan ta yi makonni ba ta shan maganin hawan jini, kuma mijinta yana ganin ya sauke nauyi.

Me ya kawo tsadar?

Mafi yawan magungunan da muke sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, musamman daga Indiya da Chaina, kuma ko waɗanda ake yi a gida yawancin sinadaransu da dala ake sayowa. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, sai kuɗin shigo da kaya da na dakonsu da na man janareta suka tashi lokaci guda. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Augmentin da inhelar asma ta Ventolin, ya sanar da cewa zai daina kasuwanci kai tsaye a ƙasar nan, zai miƙa wa dillalai. Kafin shekarar ta ƙare Sanofi ma ya bi sahu. Duk mai ɗan asma a gida ya san yadda farashi ya yi tashin gwauron zabi a lokacin.

A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire harajin kwastam da na VAT a kan sinadarai da injinan haɗa magani na tsawon shekara biyu, don a ƙarfafa masu yi a cikin gida. Amma kafin irin wannan mataki ya iso kan kantar unguwa akan ɗauki lokaci, ga shi kuma sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Don haka dole magidanci ya san dabarun da zai kare kansa.

Dabarar da ba ta da riba

Da yawanmu idan kuɗi ya yi ƙaranci, maganin muke ragewa. Wanda aka ce ya sha kullum sai ya koma yau ya sha gobe ya huta. Wanda aka rubuta wa na kwana bakwai sai ya sayi na kwana uku, da ya ji dama-dama ya ajiye. Wata kuma ba ta shan na hawan jini sai ranar da kai ya sara mata.

Hawan jini ba ya sallama, mutum zai iya yawo da shi shekaru ba ya jin komai, alhali yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Ranar da ya yi ɓarnarsa, ko shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda, kuɗin kwanciya asibiti na mako ɗaya ya ninka na maganin shekara guda. Mai wankin ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake so ya yi a kowane mako. Haka ciwon suga yake, idan aka yi masa riƙon sakainar kashi yakan taɓa ido da ƙoda, ko ya kai ga yanke ƙafa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma idan aka yanke shi ba bisa umarnin likita ba, ciwon zai iya dawowa, a koma neman wani maganin da ya fi na farko tsada. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

To ina mafita? Ga hanyoyin da ake rage kuɗin ba tare da an taɓa adadin maganin ba.

Faɗa wa likita gaskiyar aljihunka

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancinmu muna jin nauyin mu ce wa likita ba mu da hali, sai mu karɓi takarda mu yi godiya, mu fito mu ninke ta mu sa a aljihu. Shi kuwa likita yana zaton ana shan abin da ya rubuta, idan aka dawo ya ga jini bai sauka ba sai ya ƙara wani maganin a kai, kuɗi ya ƙara yawa.

Kafin ka tashi daga gabansa, yi masa waɗannan tambayoyi: Wanne ne dole a cikin waɗannan, wanne ne zai iya jira? Kowanne aikin me yake yi? Akwai mai sauƙin kuɗi da zai yi aiki iri ɗaya? Har tsawon wane lokaci za a sha? A mafi yawan cututtukan da suka zama ruwan dare akwai tsofaffin magunguna da aka daɗe ana amfani da su, an san aikinsu, kuma ba su da tsada. Misali amlodipine da lisinopril da hydrochlorothiazide a ɓangaren hawan jini, da metformin a ɓangaren suga. Masu allurar insulin ma za su iya tambaya ko nau'in da ake zuƙa daga kwalba da sirinji zai yi musu, domin ya fi na biro sauƙi. Likita ne zai yanke hukunci, amma ba zai san kana buƙatar sauƙin ba sai ka faɗa.

Haka kuma duk lokacin da za ka koma asibiti, tattara duk magungunan da majinyaci yake sha a leda ɗaya ka tafi da su, har da na gargajiya. Sau da yawa akan tarar mutum yana shan magani ɗaya sau biyu da suna daban-daban, ɗaya daga wannan asibiti ɗaya daga wancan, ko kuma yana ci gaba da sayen wanda tuni ya kamata a ce an daina.

San sunan maganinka na asali

Wannan ita ce babbar hanya. Kowane magani yana da suna biyu. Akwai sunan da kamfani ya raɗa masa don kasuwa, shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Akwai kuma sunan sinadarin da ke cikinsa, wanda yake ƙasa da ƙananan baƙaƙe, shi ne sunansa na asali. Panadol sunan kasuwa ne, abin da ke ciki paracetamol ne. Norvasc amlodipine ne. Glucophage metformin ne. Ventolin salbutamol ne. Augmentin haɗin amoxicillin da clavulanic acid ne. Coartem kuma haɗin artemether da lumefantrine ne.

Kamfanin da ya ƙirƙiro magani akan ba shi haƙƙin mallaka na shekara 20, ba wanda zai yi irinsa. Idan wa'adin ya cika sai sauran kamfanoni su samu damar yin nasu da sinadari iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya. Tun da ba su kashe kuɗin bincike ba, nasu yakan zo da sauƙi sosai. Mutanenmu sukan kira na farkon orijina, su ɗauka duk sauran jabu ne, wannan kuskure ne. Jabu daban, na wani kamfani mai rajista daban. A nan gida ma akwai kamfanoni irin su Emzor da Fidson da May & Baker da Swipha da Juhel da suka daɗe suna yin magunguna a ƙarƙashin sa idon hukumar NAFDAC.

Don haka ka roƙi likita ya rubuta maka sunan asali. Idan ka je kanti ka ce a nuna maka kamfanoni biyu ko uku da suke da shi, da farashin kowanne. Abu uku za ka tabbatar sun yi daidai da takarda: sunan sinadari, ƙarfinsa, wato lambar da ke gaban mg, da kuma nau'insa, domin wanda aka rubuta wa SR ko XR ko MR a hankali yake narkewa a ciki, ba a musanya shi da na yau da kullum kai tsaye.

Sai dai akwai magungunan da ba a so a riƙa yi musu sauye-sauyen kamfani barkatai, domin ɗan bambanci kaɗan yana iya yin tasiri. Daga ciki akwai na farfaɗiya irin su phenytoin da carbamazepine, da warfarin mai tsinka jini, da levothyroxine na maƙoƙo, da kuma insulin. Waɗannan idan za a sauya a sanar da likita, idan kuma aka samu mai sauƙin da ya karɓi majinyaci a tsaya a kansa.

Zagaya ka taya, ka yi lissafin ƙwaya

Uwargida ba ta sayen shinkafa sai ta taya a rumfa biyu ko uku, amma idan magani ne sai mu biya duk abin da aka faɗa a kantin farko. Babu farashi ɗaya na magani a ƙasar nan. Kantin da ke bakin ƙofar asibitin kuɗi ko a unguwar masu hali yana biyan haya mai tsada, kuma a jikinka zai fanshe. Fara tambaya a sashen magani na asibitin gwamnati, sau da yawa ya fi sauƙi idan suna da shi, sannan ka gwada kantuna biyu masu rajista. Ba sai ka kashe kuɗin mota ba, ka karɓi lambar wayarsu ka riƙa tura musu hoton takarda kana tambaya.

Kuma kada ka kwatanta kwali da kwali, ka kwatanta ƙwaya da ƙwaya. Bari mu yi misali. A ce kwali mai ƙwaya 28 naira 5,600 ne, kowace ƙwaya ta kama 200 ke nan. Wani katin mai ƙwaya 10 kuma naira 2,500 ne, a ido ya fi sauƙi, amma kowace ƙwaya 250 ce. Mai sayen na kwana uku-uku shi ya fi kowa biya da tsada, ga kuɗin zirga-zirga. Idan ciwon na dogon lokaci ne kuma likita ya tabbatar maganin ya karɓe ka, saye na wata ɗaya ko biyu lokaci guda ya fi, ka kuma nemi ragi, ba abin kunya ba ne. Amma sabon magani kada ka jibgo da yawa, don wataƙila a sauya shi bayan mako biyu.

Wani misalin shi ne maganin maleriya na manya. Akwai kwali mai ƙwaya 24 da aka rubuta wa 20/120, akwai mai ƙwaya 6 da aka rubuta wa 80/480. Duka biyun adadin magani ɗaya ne, ana sha sau shida a kwana uku, bambancin kawai wancan ƙwaya huɗu ake haɗiya a lokaci ɗaya, wannan ƙwaya ɗaya. Ka tambayi farashin duka biyun.

Wasu kuma sukan sayi mai ƙarfi ninki biyu su riƙa rabawa, kamar mai 10mg ga wanda aka rubuta wa 5mg. Wannan yana iya kawo sauƙi, amma sai da amincewar likita ko mai harhaɗa magani, kuma a ƙwayar da take da tsaga a tsakiya. Ba a raba kafso, ba a raba mai narkewa a hankali, ba a raba mai rufi na musamman da aka yi don kada ya narke a tumbi.

Kuɗin da muke zubarwa a banza

Wani lokacin mu ne muke ƙara wa kanmu nauyi. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. Gwajin nan na ɗigon jini a yatsa cikin minti 15 zuwa 20 yake fita, kuma kuɗinsa bai kai na maganin ba. Idan ya nuna babu, ka tsira da kuɗinka, an kuma samu damar neman ainihin abin da ke damun yaro. Haka batun "maleriya da taifod" da ya zama waƙa a bakinmu. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, amma da shi ake ɗora wa mutane magunguna masu tsada da ba su buƙata.

Mura da tarin da ke zuwa da ita yawanci da kansu suke tafiya cikin mako ɗaya ko biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi musu komai. Gudawar yara kuma babban maganinta ruwan gishiri da suga na ORS ne da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kuma suna cikin mafi araha a kanti. Sai dai idan akwai jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko ya galabaita, a garzaya asibiti.

Sai maganar allura da ƙarin ruwa. Da yawanmu ba ma jin an yi mana magani sai an soka mana allura ko an rataya mana leda. Ga wanda yake iya haɗiya kuma ba ya amai, ƙwaya tana yin aikin a mafi yawan lokuta, ga shi babu kuɗin sirinji da na mai yin allurar. Haka manyan kwalaben ƙarin jini masu zaƙi, abin da ake nema a cikinsu yana nan a ƙwayoyin ferrous sulphate da folic acid da ake ba masu ciki a wajen awo.

Akwai na kyauta

Akwai magungunan da bai kamata ka saya ba sam. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, tun daga gwajin majina har ƙarshen wata shida na shan magani. Maganin cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne. Na kuturta kyauta ne. Allurar rigakafin yara kyauta ce. A wajen awon ciki a asibitocin gwamnati ana ba masu juna biyu maganin kariya daga maleriya, sau da yawa har da gidan sauro. A jihohi da dama, musamman na Arewa, ana bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin maleriya. Idan iyalinka suna gida, ka ja kunnensu kada su mayar da masu rabon.

Manyan asibitocin koyarwa irin su LUTH da ke Idi-Araba a Legas da UCH da ke Ibadan suna da sashen kula da walwalar majinyata, inda ake duba halin marasa ƙarfi. Mutanenmu da ke zaune a Kudu ba kasafai suke zuwa wajen ba, wasu don rashin sani, wasu don matsalar yare. Ka nemi wanda yake jin Turanci ko Yarabanci ya raka ka, matambayi ba ya ɓata.

Inshorar lafiya

A shekarar 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke cikin shirin kashi 10 cikin 100 kawai yake biya na kuɗin maganin da ke cikin jerin da aka amince da shi, kuma shirin ya haɗa da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗan kasuwa da direba da mai sana'ar hannu ma ba a bar su a baya ba, akwai shirin GIFSHIP da mutum zai shiga shi kaɗai ko da iyalinsa ko a ƙungiyance, ya biya na shekara. Jihohi ma suna da nasu. A Legas akwai Ilera Eko, a Oyo akwai OYSHIA, a Abuja akwai FHIS, a Kano akwai KSCHMA, a Kaduna akwai KADCHMA.

Gaskiya ne inshora tana da nata ciwon kai, akwai dogon layi, akwai ranar da za a ce maganin ya ƙare ka je ka saya, kuma bayan rajista akan jira wani ɗan lokaci kafin a fara cin moriya. Duk da haka, gidan da ke da mai hawan jini ko suga ko asma ko sikila ya zauna ya lissafa abin da yake kashewa a shekara, ya kwatanta da kuɗin rajista. Kafin ka biya ka tambaya ko maganin da majinyacinka yake sha yana cikin jerinsu. Shugabannin kasuwanni da sarakunan Hausawa na zango-zango za su iya taimakawa ƙwarai idan suka gayyato jami'an shirin aka yi wa jama'a rajista a ƙungiyance.

Arahar da ke kisa

Duk abin da na faɗa a kan neman sauƙi, a cikin kantin da ke da rajista nake nufi. Araha ba ta ado. Maganin da ake talla a faranti a tasha, ko a cikin motar haya, ko a kwando a ƙarƙashin gada, ya sha rana ya sha zafi, ko da na gaske ne ƙarfinsa ya ragu, balle a ce jabu ne. A watan Fabrairun 2025 NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota a Legas da Anacha da Aba, ta kwashe tirela-tirela na jabu da waɗanda wa'adinsu ya ƙare. A Kano ma tun a 2024 aka tashi 'yan maganin Sabon Gari zuwa cibiyar da aka gina a Dangwauro don a samu damar sa ido.

Ka san bambancin famasi da kemis. Famasi yana da ƙwararren mai harhaɗa magani da lasisin hukumar PCN, shi doka ta yarda ya sayar da magungunan da sai da takardar likita. Kemis kuwa lasisinsa na ƙananan magunguna ne. Duk abin da za ka saya ka duba lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar wa'adi, ka tabbatar abin da ke jikin kati ya yi daidai da na kwali. Idan akwai wurin kankarewa, kamar yadda ake samu a magungunan maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, ka kankare ka tura lambar zuwa inda aka rubuta tun kana cikin kantin, saƙon kyauta ne. Ka karɓi rasit. Idan farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na ko'ina, ka yi shakka.

Ka guji haɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda, ƙwaya biyar ko shida masu launi-launi ba suna. Yawanci akwai masu kashe zafin ciwo irin su diclofenac a ciki, waɗanda yawan shansu yake tayar da hawan jini, ya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda.

Tsari a cikin gida

Maganin da ya lalace a gida asara ce. Kada a ajiye shi a kicin kusa da wuta, ko a banɗaki, ko a cikin mota, ko a taga inda rana ke bugawa. Insulin da ba a buɗe ba a firji ake sa shi, amma ba a sashen ƙanƙara ba, domin idan ya daskare ya tashi aiki. Wanda aka fara amfani da shi yakan kai kimanin mako huɗu idan an kare shi daga zafi. Inda babu wuta, a sa shi a roba mai murfi a ajiye a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

Ga masu neman kuɗi a Legas ko Fatakwal ko Abuja da ke aika wa iyaye kuɗin magani gida, ga shawara. Ka sa a turo maka hoton takarda da na kwalin, ka rubuta sunan asali da ƙarfin kowane magani a wayarka. Ka samu famasi ɗaya amintacce kusa da su ka riƙa biya kai tsaye, a kai musu maganin. Tsofaffinmu suna da kara, idan ka tura kuɗi a hannu sai Hajiya ta ga jikoki ba su da abin kari, ta sayi masara ta ce maka ta sha magani. 'Yan'uwa su raba nauyin a tsakaninsu, kowa ya san watan da zai biya, kuma a sayi sabo tun saura na mako ɗaya.

Rage gishiri da dunƙulen miya, tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako, rage lemon kwalba da barin taba suna taimaka wa magani ya yi aiki, har wani lokacin likita ya rage yawansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Amma likita ne zai rage maganin bayan ya auna, ba kai ba.

Idan kuma ta ƙure, kuɗi ya ƙare ƙaf, kada ka zaɓi wanda za ka bari da ka, kamar yadda dattijon nan ya so yi. Akwai magungunan da tsayar da su farat ɗaya yake da haɗari, irin su insulin, da na farfaɗiya, da prednisolone ga wanda ya daɗe yana sha, da atenolol ko propranolol na zuciya, da na taɓin hankali. Ka koma wajen likita ko mai harhaɗa magani ka ce ga abin da ke hannuna, me zan fara saya? Wannan tambayar ba ta da kuɗi.

Kafin mako mai zuwa ina so kowane gida ya yi aiki ɗaya. A ɗauko ledar magungunan gidan, a samu takarda a rubuta sunan asali na kowanne, da ƙarfinsa, da wanda yake sha, da kuɗin da aka saye shi. Da wannan takarda za a je wajen likita a zuwa na gaba, da ita kuma za a taya a kanti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya hore mana abin kula da su. Sai mun haɗu a mako na gaba.